Gidan tarihin barkwanci na Jamestown: ko ya cancanci a kai iyali?

Baban Hafsa, Jidda:
Assalamu alaikum. Idan Allah ya kai mu hutun makarantu zan kai iyalina Buffalo ta Amurka mu duba ƙanena da ke karatu a can, kuma ya ba ni labarin wani gidan tarihi a garin Jamestown da aka keɓe kacokan ga barkwanci. Abin ya ɗaure mini kai, domin na kasa gane yadda za a adana abin dariya a cikin gini kamar yadda ake adana takubba da tsofaffin kuɗi. Yarana a nan aka haife su, Larabci da Hausa suka fi ji, Turancinsu na makaranta ne. Shin tafiyar za ta amfane su?

Malamin jami'a, Riyad:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Na taɓa zuwa, kuma ina ba ka shawara ka je. Sunan wurin National Comedy Center, an buɗe shi a 2018 a mahaifar 'yar wasan barkwancin nan Lucille Ball, kuma daga Buffalo tafiyar kimanin awa ɗaya da rabi ce a mota. Tun daga ƙofa ake ɗaura maka wani abu a hannu kamar agogo, ka tsaya gaban allo ka zaɓi masu barkwanci da shirye-shiryen da suke ba ka dariya, daga nan duk inda ka kara shi sai na'ura ta nuna maka abin da ya dace da zaɓinka. Wuraren da baƙo ke sa hannu da kansa sun haura 50, har da dandalin da za ka riƙe makirfo ka gwada ba jama'a dariya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne takardun George Carlin, shahararren mai barkwancin Amurka. Na daɗe ina kallon yadda ya tara dubban guntayen rubutu, yana sauya kalma yana sake jera magana, kafin ya tsaya gaban jama'a ya faɗe ta kamar yanzu ta zo masa. A ranar na daina ɗaukar mai barkwanci a matsayin mutum mai sakin baki kawai. Sai dai ka sani akwai sashe a ƙasan ginin mai suna Blue Room da aka ware wa manya saboda maganganun batsa, kuma kana iya wuce shi ba tare da ka yi asarar komai ba.

Maman Bilal, Makka:
Malam, ina ganin ba ka taɓo damuwar Alhaji game da harshe ba. Barkwancin baka a cikin harshe yake zaune. Yarana suna tuntsira dariya da Tash ma Tash, shirin barkwancin talabijin na Saudiyya da aka fara a 1993 aka riƙa kallo cikin azumi, amma idan na fassara wa 'yar'uwata da ta zo Umra daga Kano sai ta dube ni kawai. Shawarata a karkata yaran ga barkwancin motsin jiki da na zane-zane, waɗanda ido ke ganewa ba sai an yi tafinta ba.

Dattijo, Madina:
Alhaji, ka je, kuma ka lura mana da yadda suka tsara adana kayan. Ni baƙin ciki zancen nan ya tayar mini. Na tashi ina ganin 'yan kama a kasuwa suna kwaikwayon malamai da wa'azin tuwo da miya, ga wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari, da na Kanawa da Zagezagi. Ibro ya rasu a 2014, Samanja a 2023, kuma yawancin abin da suka bari yana warwatse a tsofaffin kaset da wayoyin mutane. Jikokina a nan ba su taɓa jin sunan ɗan kama ba.

Baban Hafsa, Jidda:
Na gode muku ƙwarai. Za mu je in Allah ya yarda, kuma zan bi shawarar Hajiya game da yaran. Baba, kafin mu tashi ina roƙon ka naɗa mana abin da ka tuna na wa'azin 'yan kama da muryarka, domin ina so su fara jin namu kafin su ga na wasu.