Na saka FQ_CoDel a pfSense amma da yamma intanet sai ta tsaya cak

Sani Mai Kafe:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da shagon kwamfuta a Jos, wajen titin Bauchi, kwamfutoci 18. Galibin masu zuwa ɗalibai ne masu cike fom, sai maƙwabta 'yan kasuwa da nake sayar wa wayifai. Intanet ɗin ta rediyo ce, an kafa mana faranti a saman gini, megabit 50 na saukewa, 10 na ɗorawa, haka takardar yarjejeniya ta ce. Na ɗora pfSense, manhajar da ke rarraba intanet ɗin, a cikin Proxmox (mai raba kwamfuta ɗaya ta yi aikin kwamfutoci da yawa) kan wata tsohuwar kwamfuta, saboda manhajar lissafin shago ma tana kanta.

Na yi limita biyu (masu ƙayyade gudun intanet), 50 da 10, na zaɓi FQ_CoDel, tsarin da ke hana bayanai daɗewa a layi, na ɗaura su da doka a shafin Floating na pfSense. Da safe lafiya lau, ping (lokacin da saƙo ke ɗauka ya je ya dawo) milisakan 30 zuwa 40. Amma daga la'asar zuwa bayan isha'i, da zarar wani ya fara ɗora bidiyo, sai ping ya haura 900, kiran WhatsApp ya riƙa yankewa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ɗaliban. Yaro ya biya kuɗin awa, ya cike fom har ƙarshe, ya danna, shafin ya mutu. Na'urar ce ta gaza, ko pfSense ne ba ya aikinsa?

Injiniya Bala, Wuse:
Wa alaikumus salam Malam Sani. Ina ganin na'urarka ƙalau take, megabit 50 ba kaya ba ne a wurinta. Lambobin ne matsalar. Limita ba ta auna abin da ke shigowa, abin da ka rubuta mata kawai ta sani. Ka ce mata 50, alhali da yamma, lokacin da kowa ya hau eriyar kamfanin, ƙila ko 30 ba ka samu. To tunda ba a taɓa cika 50 ɗin ba, ita a ganinta babu cunkoso, sai ta saki komai, layin ya je ya taru a rediyon kamfani inda ba ka da iko. Kamar ka tsaya kana tsara layin jarkoki a ƙofar gidanka ne, alhali turmutsitsin yana can bakin famfo.

CoDel, wanda ke cikin FQ_CoDel, yana neman kada bayanai su wuce milisakan 5 suna jira, yana dubawa duk bayan milisakan 100, amma a layin da ke hannunsa kaɗai. Saboda haka dole kai ne za ka zama wuri mafi ƙunci a hanyar. Ka kashe limitocin, ka auna gudun da misalin ƙarfe 8 na dare ba tare da kowa na amfani ba, ka rubuta kashi 85 zuwa 90 cikin ɗari na abin da ka gani. Ɓangaren ɗorawa ya fi muhimmanci, don shi masu bidiyo ke toshewa. Na san da zafi mutum ya biya 50 ya rubuta 26, amma 26 mai tafiya ta fi.

Hauwa Sisko:
Ƙari kan maganar Injiniya. Bayan ka canja lambobi ka shiga Diagnostics, States, ka share tsofaffin haɗi, in ba haka ba waɗanda suke kai tun farko ba za su bi sabuwar dokar ba. Ka kuma duba dokar: in alkiblarta fita ce a WAN, wato ɓangaren da ke fuskantar kamfanin intanet, limitar ɗorawa ce a akwatin farko, ta saukewa a na biyu. Mutane da yawa suna juya su.

Tunda a Proxmox kake, ka kashe saitin Hardware Checksum Offloading, katin sadarwa na VirtIO da Proxmox ke bayarwa ba ya jituwa da shi. Sannan FreeBSD, wanda aka gina pfSense a kansa, yana sauke kern.hz (bugun agogonsa a daƙiƙa) zuwa 100 a cikin irin su Proxmox maimakon 1000, kuma dummynet mai tafiyar da limitocin da agogon nan yake aiki. Ni nakan mayar da shi 1000.

Ɗanladi Farin Gada:
Oga Sani, ni da na bar wahalar nan na koma OpenWrt, wata manhajar rarraba intanet. CAKE, tsarin layin da ake amfani da shi a can, yana raba wa kowace na'ura kasonta da kansa, akwai kuma cake-autorate mai bin gudun layi yana hawa yana sauka.

Injiniya Bala, Wuse:
Ɗanladi ya faɗi gaskiya a kan CAKE, kuma pfSense ba shi da shi. Amma ba zan ce wa mai shago ya rushe komai ana tsakiyar rajista ba. Akwai dai abin dubawa a maganarsa: FQ_CoDel tsakanin haɗi yake adalci, ba tsakanin mutane ba, waya ɗaya mai haɗi 40 za ta cinye rabon masu haɗi ɗaya. Ka yi wa maƙwabtan limita dabam, ka saka Mask (saitin da ke ba kowane adireshi nasa kason) a kan adireshin kowace waya.

Sani Mai Kafe:
Allah ya saka muku da alheri. Na auna da dare, 31 da 6 na samu. Na rubuta 27 da 5, na share haɗin kamar yadda Malama Hauwa ta ce. Jiya shagon ya cika, ping bai wuce 70 ba, babu wanda fom ɗinsa ya mutu. Saura na maƙwabta. Injiniya, megabit nawa kake ganin zan ba kowace waya, kuma a Mask ɗin saukewa adireshin mai karɓa zan zaɓa ko na mai aikawa?