Gwajin gyaran linka kan kiran nesa: abin da kowa ya gani

Mai Allon ARM: Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina neman waɗanda suka gwada sabon gyaran lld, linkar LLVM (LLVM tarin kayan aikin gina manhajar kwamfuta ne, linka kuma ita ce take haɗa guntayen manhaja su zama fayil ɗaya), a ɓangaren da yake dasa gadar kira, wato ɗan guntun umarni da kiran yake bi ta kansa, idan fankshin ɗin da ake kira ya yi nisa. A AArch64, tsarin furosesar ARM mai bit 64, umarnin kira na BL yana da bit 26 ne kawai na nisa, don haka ba ya wuce megabait 128 gaba ko baya. Na gina tsarin aikin kwamfuta na FreeBSD gaba ɗaya da umarnin buildworld da buildkernel, komai ya kammala lafiya, amma da na bincika kanel ɗin, wato zuciyar tsarin, da llvm-objdump mai nuna umarnin da ke cikin fayil, ban ga gada ko ɗaya ba, domin girmansa bai kusanci iyakar ba. Gwajina ya nuna cewa ba a lalata tsohon aiki ba ne kawai. Wa ya sa sabon ɓangaren ya yi aiki da gaske?

Baban Clang: Wa alaikumus salam. Malam, a furosesar PowerPC ba sai an sha wahala ba, tunda iyakar kira a can megabait 32 ce, kuma clang kansa, mai fassara rubutun C da C++ zuwa umarnin na'ura, ya fi haka girma. Na haɗa clang da linkar da aka gyara, sannan na sake gina tsarin da wannan clang ɗin, domin gadar da ta kauce ba ta bayyana lokacin haɗawa, sai an bi ta kanta. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne zagayen da linka take yi: kowace gada da aka dasa tana ture adireshin abin da ke bayanta, wani kiran da yake cikin iyaka sai ya fita, shi ma ya nemi tasa gadar. Ku kwatanta fayil ɗin -Map, wato taswirar adireshin da linka take fitarwa, na da da na yanzu, za ku ga inda aka ajiye kowace.

Hajiyar Kanel: Ni a wajena haɗawa ta yi kyau, amma na'urar ta tsaya cak tana cikin tashi. Da aka bi diddigi, sai aka tarar da wani tsohon rubutun asambili (harshen umarnin furosesa kai tsaye) da muka gada yana ajiye ƙima a rajista x16 (ƙaramar ma'ajiya a cikin furosesa), ya yi kira, sannan ya dawo yana nemanta. Ƙa'idar kira ta AArch64 ta ware x16 da x17 domin linka ta yi amfani da su a gada, kamar yadda aka ware r12 a ARM mai bit 32. Laifin ba na gyaran ba ne, ya daɗe a ɓoye saboda kiran bai taɓa yin nisa ba.

Ɗan QEMU: Malam Mai Allon ARM, ba sai ka jira kanel ya yi ƙiba ba. Rubuta ƙaramin fayil ɗin umarni ga linka wanda zai ajiye sashe ɗaya nesa da ɗaya da fiye da megabait 128, ka kunna sakamakon a QEMU, manhajar da take kwaikwayon na'ura. Ka gwada kira gaba da kira baya, da kuma wanda ya faɗi daidai bakin iyaka.

Mai Allon ARM: Na gode, zan yi hakan. Hajiya, bayaninki ya tuna mini da BTI na Armv8.5, kariyar furosesar ARM da take hana tsallen rajista sauka inda babu alamar sauka: gada tana sauka ne da tsallen rajista, saboda haka fankshin ɗin da ba shi da alamar sauka zai jawo tsayawa idan an kunna kariyar. Ko akwai wanda ya gwada gyaran da BTI a kunne?