Ciwon kai bayan allurar baya: wa ya taɓa shiga wannan halin?

Sabuwar mai jego: Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau kwana huɗu da yi mini aiki aka ciro 'yata, da allurar baya aka kashe mini rabin jiki. Tun shekaranjiya kaina ke sarawa. In na kwanta sai ya ɗauke kamar an cire da hannu, amma da zarar na tashi zaune zan ba ta nono, sai in ji kamar ana jan ƙwaƙwalwata ta ƙeya. Wuyana ya sage, kunnena sai ƙara yake. Ana ta ce mini laifina ne, wai na sa matashin kai da wuri.

Maman 'yan biyu: Barka da arziki, ƙanwata. Wallahi kamar labarina kike bayarwa. Da rarrafe nake zuwa banɗaki, kaina a sunkuye, don ba na iya ɗaga shi. A kwance ta gefe na koyi shayarwa, a kwance nake cin abinci. Likita ya sa ni shan farasitamol a kan lokaci, da kofi, da ruwa isasshe. Sai a kwana na tara na zauna ban ji komai ba.

Baban yara: Ba mata kaɗai ba ne. Aikin gwaiwa aka yi mini, na same shi, sai dai nawa kwana uku ya wuce. Allah Ya ba ki lafiya.

Ma'aikaciyar ɗakin tiyata: 'Yar uwa, cire zancen matashin nan daga ranki, ba laifinki ba ne, kuma daɗewa a kwance bayan aiki ba ya hana shi zuwa. Ƙwaƙwalwa da laka suna cikin wani ruwa ne da jaka ta rufe. Allurar tana huda jakar, in hujin bai toshe ba ruwan ya riƙa yoyo, sai ƙwaƙwalwa ta ɗan saki ƙasa idan kin miƙe. Shi ya sa kwanciya ke kawo sauƙi. Yakan fara cikin kwana 5 na farko, galibi kuma ya tafi cikin mako 1 zuwa 2. Har August Bier, likitan Jamus da ya fara wannan allura a 1898, da aka gwada a jikinsa sai da ciwon ya kwantar da shi kwana 9. Yanzu siraran allurai masu baki kamar fensir sun rage shi sosai.

Uwar uku: Ni ta naƙuda aka yi mini, efidural. Allurarta ta fi kauri, kuma ta zarce ta huda jakar bisa kuskure, likitan ya faɗa mini a take. Hasken taga ma ba na iya kallo. Da na kasa jurewa sai suka yi mini facin jini: aka ɗebi jinina a hannu, kusan mililita 20, aka zuba a bayana ya daskare a kan hujin. Na kwanta awa biyu. Da na tashi zaune na riƙe jaririna, kuka na fashe da shi. Baya ya yi mini tsami na 'yan kwanaki, wannan kaɗai.

Ma'aikaciyar ɗakin tiyata: Ƙari ɗaya, don ina jin tsoron a jingina komai ga allura. In akwai zazzaɓi, jijjiga, gani biyu-biyu, mutuwar hannu ko ƙafa, ko ciwon ya daina sauƙi da kwanciya, asibiti nan take. Hawan jini bayan haihuwa ma da ciwon kai yake zuwa. Ki nemi likitan da ya yi miki allurar, kuma a auna jininki.

Sabuwar mai jego: Na gode Anti, na gode 'yan uwa. Mun kira su, sun ce in taho yanzu a duba ni. A kujerar bayan mota zan kwanta.