Kifin betta: namiji ko mace, da shirin haɗa su

To jama'a, ga abin da na tattaro daga maganganunku kan yadda ake bambance namiji da mace a kifin betta (ƙaramin kifin ado da ake kiwo a tanki), da yadda ake haɗa su don su hayayyafa.

1. Kusan kowa ya yarda namiji ya fi dogayen fikafikai da launi mai haske, mace kuma gajeru ne nata, cikinta ya fi cika. Amma an ja kunne kan nau'in betta da ake kira plakat, namijinsa ma fikafikansa gajeru ne.

2. Farin ɗigon da ke ƙasan cikin mace, ta nan ƙwai ke fita. Wasu sun ce shi kenan hujja, wasu suka ce a'a, ƙaramin namiji ma kan nuna irinsa, gara ka sa wa kifin madubi ka ga girman gemun da zai buɗe, wato fatar da yake bazawa a ƙasan kansa, na namiji ya fi girma. Ni dai na fi karkata nan.

3. A ware su sati 1 zuwa 2 ana ba su abinci mai rai kamar tsutsar sauro, ruwa ya kasance digiri 26 zuwa 28 a ma'aunin Celsius, zurfi kusan santimita 15.

4. A sa macen cikin kwalba a tankin namiji su riƙa ganin juna, in ya haɗa sheƙar kumfa a saman ruwa, inda yake ajiye ƙwai, ita kuma ta fito da layuka a tsaye a jikinta, sai a sake ta.

5. Bayan ƙwai a cire mace nan take. Inda ra'ayi ya rabu shi ne kan namiji, mafi yawa sun ce a cire shi da zarar 'ya'yan sun fara iyo da kansu, kaɗan suka ce a bar shi tare da su.