Ina ake samun tallafin karatun digiri na biyu a injiniyancin kariya daga gobara?

Ɗan Gwammaja ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga wannan fanni. Na kammala digirin farko a injiniyancin injina da sakamako mai daraja ta biyu ta sama, na yi bautar ƙasa, kuma yanzu ina aiki da wani kamfani mai girka famfunan kashe gobara da na'urorin gano hayaƙi a manyan gine-gine. A wurin aikin ne na lura cewa yawancin zanen da muke bi daga waje ake aiko shi, ko kuwa a kwafo shi daga wani ginin, domin da wuya a samu wanda zai zauna ya lissafa hanyar da hayaƙi zai bi a cikin bene, ko tsawon lokacin da jama'a za su ɗauka kafin su fice. Wannan lissafin nake so in koya. Na duba kuɗin makaranta a Amurka da Birtaniya, na ga ya fi ƙarfina nesa ba kusa ba, musamman tun da darajar naira ta faɗi a 2023. Waɗanne hanyoyi ne ɗalibi daga Nijeriya zai bi ya samu mai ɗaukar nauyinsa, kuma wace ƙofa ya kamata ya fara ƙwanƙwasawa?

Injiniyan Hayaƙi ya amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Kafin ka lissafa sunayen masu ba da tallafi, ka fara rarrabe digiri na biyu gida biyu, domin a nan ne mutane da yawa suke ɓata shekara guda a banza. Akwai wanda darussa ne zalla, ka shiga aji, ka ci jarrabawa, ka karɓi takarda, akwai kuma wanda ake rubuta kundin bincike a ƙarƙashin farfesa. Na farkon jami'a ta tsara shi ne don ta samu kuɗi daga ma'aikatan da kamfanoninsu ke biya musu, saboda haka kusan ba ta yafe kuɗinsa. Na biyun shi ne ake biyan ɗalibi ya yi, domin farfesan ya riga ya karɓo kuɗin bincike kuma yana bukatar wanda zai tsaya masa a ɗakin gwaji.

A Amurka makarantun da suka keɓe sashe ga wannan ilimi ba su da yawa. Jami'ar Maryland da ke College Park ta buɗe nata tun 1956, kuma tana da nau'o'in digirin biyu da na ambata, don haka ka karanta da kyau wanne kake cike wa takarda. Sai jami'ar fasaha ta WPI da ke garin Worcester a jihar Massachusetts, wadda ta fara digiri na biyu a fannin a 1979 kuma tana ba da digirin digirgir. Akwai kuma Cal Poly da ke San Luis Obispo a Kalifoniya. Tallafin da ake samu a irin waɗannan wurare shi ne a ɗauke ka mataimakin bincike ko mataimakin koyarwa, ka yi aikin da bai wuce sa'o'i 20 a mako ba, a sauke maka kuɗin makaranta gaba ɗaya ko wani kaso nasa, sannan a riƙa ba ka alawus da zai riƙe ka haya da abinci. Ba wadata ba ce, amma mutum ɗaya mai tattali yana rayuwa a kai.

Abin da ya kamata ka gane shi ne inda kuɗin yake fitowa. Hukumar ma'aunai da fasaha ta gwamnatin Amurka, wato NIST, da ke Gaithersburg, wadda ba ta da nisa da College Park, tana ba da kuɗin binciken gobara, haka ma cibiyar binciken gobara ta UL, da kamfanin inshora na FM, wanda a da ake kira FM Global, da gidauniyar bincike ta ƙungiyar kariya daga gobara ta Amurka, wato NFPA. Akasarin wannan kuɗi hannun farfesa yake shiga, ba hannun ɗalibi ba, shi kuma farfesan shi ke zaɓar wanda zai ɗauka. Don haka ofishin ɗaukar ɗalibai ba shi ne wurin da ake yanke maganar kuɗi ba. Gidauniyar ƙungiyar injiniyoyin fannin, wato SFPE, tana ba ɗalibai tallafin bincike kai tsaye, amma ƙarami ne, na sayen kayan gwaji ne ko ƙarasa aiki, ba zai biya maka karatu ba. Shi kuwa babban tallafin da hukumar kimiyya ta gwamnatin Amurka, wato NSF, take ba ɗaliban gaba da digiri, kada ka wahalar da kanka a kansa, na 'yan ƙasar Amurka ne da masu takardar zama ta dindindin a can.

Kada kuma ka taƙaita nemanka ga sassan da ke ɗauke da kalmar gobara a sunansu. Da digirinka na injina, duk farfesan da ke binciken ƙonewar makamashi, ko tafiyar zafi, ko kama wutar batiran lithium, ko wutar daji, abokin maganarka ne, kuma irin waɗannan sun fi sassan gobara yawa ninkin ba ninki.

Malama daga Samaru ta amsa:

Bayanin Injiniya daidai ne game da yadda tsarin Amurka yake, amma ban yarda ɗan'uwanmu ya sa Amurka a gaba ba. A 2025 gwamnatin ƙasar ta tsaurara ba da biza ga ƙasashen Afirka da dama, kuma babu amfanin farfesa ya amince da kai alhali ba za ka iya isa wurinsa ba. A nemi can ɗin, amma kada a rataya komai a kanta.

A ganina ƙofar da ta fi dacewa da mai irin takardunka ita ce shirin IMFSE na Turai, digiri na biyu na shekara biyu da Jami'ar Ghent ta Beljiyam take jagoranta tare da Jami'ar Lund ta Suwidin da Jami'ar Edinburgh ta Sikotlan, daga baya kuma jami'ar fasaha ta UPC da ke Basilona ta shigo. Ɗalibi yana zagaya aƙalla biyu daga cikinsu kafin ya gama, kuma da Turanci ake koyarwa. Shirin ya taso ne a ƙarƙashin Erasmus Mundus na Tarayyar Turai, wanda cikakken tallafinsa a tsarin 2021 zuwa 2027 yake sauke kuɗin makaranta kuma yake ba ɗalibi Yuro 1,400 kowane wata. Guraben ba su da yawa kuma duniya ce gaba ɗaya take takara a kansu, sannan adadinsu yana sauyawa daga shekara zuwa shekara, don haka a duba sanarwar shekarar da za a nema. Abin da ya sa na fifita shi shi ne, yana cikin 'yan wuraren da ƙa'idar da Injiniya ya kawo ba ta aiki, wato ana iya ɗaukar nauyinka ba tare da ka riga ka san wani farfesa ba.

A Birtaniya akwai Chevening, tallafin gwamnatin ƙasar mai biyan digiri na biyu na shekara ɗaya, wanda yake neman ƙwarewar aiki ta sa'o'i 2,800, kimanin shekara biyu ke nan, da alƙawarin komawa gida na aƙalla shekara biyu bayan kammalawa. Edinburgh, inda aka fara koyar da fannin a matakin gaba da digiri tun 1974, da Jami'ar Ulster da ke Ireland ta Arewa, duk suna da kwasa-kwasan da za a iya zaɓa. Sai dai Chevening ba gwanin lissafi yake nema ba, wanda zai yi tasiri a ƙasarsa yake nema. Wanda ya rubuta cewa yana son ya zama ƙwararre kawai, ba zai yi nisa ba. Wanda ya kawo gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano ta 2016 da ta kasuwar Monday ta Maiduguri ta 2023, ya nuna ya fahimci rawar da cunkoson rumfuna da jone-jonen wayar lantarki da toshewar hanyar motar kashe gobara suke takawa a gobarar kasuwanni, sannan ya faɗi abin da zai yi da hukumomin tsara birane idan ya dawo, shi ake saurara. Akwai kuma tallafin Commonwealth, wanda a Nijeriya ake bi ta hukumar ba da tallafin karatu ta tarayya. Idan kana da iyali, ka sani cewa tun Janairun 2024 Birtaniya ta hana masu digiri na biyu na darussa tafiya da mata da 'ya'ya, in ban da masu karatun bincike da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu.

TETFund ba taka ba ce, ta malaman manyan makarantun gwamnati ce, kuma mu ma da muke ciki an dakatar mana da ɓangaren karatu a ƙasashen waje daga farkon 2025.

Tsohon Ma'aikacin Matata ya amsa:

Ban ga wanda ya ambaci PTDF ba, wato asusun bunƙasa fasahar man fetur na gwamnatin tarayya, alhali ita ce tamu ta gida da ke tura ɗalibai waje digiri na biyu da na digirgir a fannonin da suka shafi man fetur da iskar gas. Gobara da fashewa su ne babbar barazanar wannan masana'anta, don haka fanninka yana da gurbi, matuƙar ka rubuta bayaninka a kan tankunan ajiya da bututun gas da tashoshin sayar da iskar girki, ba a kan otal da kantuna ba. Sai dai ka tabbatar kwas ɗin da jami'ar suna cikin jerin da asusun ya amince da su a shekarar, domin ba duk inda ka ga dama suke biya ba. Wata shawarar kuma daga abin da na gani da idona: duk tallafin da gwamnati ce ke biya, ta tarayya ko ta jiha, a tafi da guzurin wata biyu ko uku a aljihu, domin na san ɗaliban da alawus ɗinsu ya makara har masu gidan haya suka fara buga musu ƙofa.

Kada kuma a raina na kusa. Jami'ar Stellenbosch ta Afirka ta Kudu tana da rukunin binciken gobara ƙarƙashin Farfesa Richard Walls, kuma sun yi aiki tare da Edinburgh a kan yadda wuta take tsallakawa daga ɗaki zuwa ɗaki a unguwannin kwano da katako, irin gobarar Imizamo Yethu ta 2017 da ta raba dubban mutane da muhallinsu a birnin Cape Town. Wannan ya fi kama da kasuwanninmu fiye da dogayen benayen Landan, kuma rayuwa a can ta fi ta Turai sauƙin kuɗi. A gabas kuma akwai babban ɗakin binciken kimiyyar gobara na jami'ar USTC da ke Hefei a Sin, inda ake shiga da tallafin gwamnatin ƙasar.

Ɗan Gwammaja ya sake rubutawa:

Allah Ya saka muku da alheri, na ƙaru ƙwarai. Malama, zan fara da IMFSE da Chevening kamar yadda kika nuna, Baba kuma zan jira sanarwar PTDF. Yaya Injiniya, saura abu ɗaya: mutumin da bai taɓa wallafa bincike ba, me zai rubuta wa farfesa har ya kula shi?

Injiniyan Hayaƙi ya amsa:

Ba wallafa ake nema daga mai digirin farko ba, shaida ake nema cewa zai iya aiki. Akwai manhajar FDS ta hukumar NIST, wadda ake kwaikwayon tafiyar wuta da hayaƙi da ita, kyauta ce, kuma kwamfutar tafi-da-gidanka tana iya ɗaukar ƙaramin aiki. Ka je layi ɗaya na kasuwa da awo a hannunka, ka auna faɗin shago da tsayin rufi da faɗin lungun da ke tsakanin layuka, ka rubuta irin kayan da aka jibge a ciki, atamfa ce ko katifa ko robobi. Ka gina wannan layin a manhajar, ka kunna wuta a shago ɗaya, ka duba minti nawa hayaƙi zai ɗauka kafin ya sauko daidai kan mutum a cikin lungun, sannan ka buɗe tagar iska a rufin ka sake gwadawa. Ka tattara sakamakon a shafi biyu, da hoto, da bayanin inda kake zargin lissafin ya kauce.

Wasiƙar kanta kada ta wuce sakin layi uku. Ka ambaci takardar bincike ɗaya ta farfesan da ka karanta da gaske, ka faɗi abin da ya haɗa ta da ɗan aikinka, ka tambaye shi kai tsaye ko yana da gurbin mataimakin bincike mai kuɗi a zangon da kake nema. Kada ka aika wasiƙa iri ɗaya ga malaman sashe guda, domin sassan ƙanana ne kuma malaman suna magana da juna. Ka fara aikawa kusan shekara guda kafin lokacin shiga, saboda yawancin jami'o'in Amurka tsakanin Disamba da Fabrairu suke rufe karɓar takardun masu neman tallafi, shi kuwa Chevening tun kafin ƙarshen shekara yake rufewa.

Idan ka hango digirin digirgir nan gaba, a can neman kuɗi ya fi sauƙi: a Suwidin ɗalibin digirgir ma'aikaci ne mai albashi, a New Zealand kuma, inda Jami'ar Canterbury take koyar da injiniyancin gobara, baƙo mai digirgir yana biyan kuɗin makaranta daidai da ɗan ƙasa. Idan ka gama gwajin layin kasuwar, ka turo mini in duba maka girman ragar lissafin, wato ƙananan akwatunan da manhajar take raba wurin zuwa gare su, kafin ka aika wa kowa, domin a nan masu farawa suka fi yin kuskure.