Kawu ya ce allurar kwatangwalo cin ƙashi take yi

Sani: Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema a kan Mma. Kun san tun bayan babbar salla take fama da kwatangwalon dama. Yanzu abin ya kai ba ta iya zaman tahiya, a kan kujerar roba take salla, in za ta hau pragya, keken haya mai ƙafa uku, kuwa sai an ɗaga mata ƙafar da hannu. Ranar Laraba na kai ta Gee, wato asibitin Komfo Anokye da ke nan Kumasi, aka ɗauki hoton ƙashi. Likita ya ce guringuntsin gaɓar ne ya zaizaye, ga shekaru ga nauyin jiki. Ya ce in mun yarda za a yi mata allurar kotizon, maganin kwantar da kumburi, a cikin gaɓar, ta samu sauƙin da za ta fara zuwa gashi. Muna dawowa unguwarmu Aboabo Kawu ya ji labari, ya ce muddin yana numfashi ba mai soka wa ƙanwarsa wannan allura, wai cin ƙashi take yi. Mma kuwa kun san ba ta ƙetare maganarsa.

Kawu Alhassan: Wa alaikumus salam. Ba "wai" ba ne Sani, gani ya kori ji. Akwai wani yaro da ya yi mini dakon goro a Alabar shekara da shekaru, ƙato ne, huhu guda yake ɗauka shi kaɗai. Gaɓɓai suka fara damunsa, ya kama allurar nan. Duk randa aka yi masa, washegari sai ka gan shi kamar doki. Muna ta cewa an dace. Kafin shekara biyu fuska ta cika ta yi sumul, ƙafafu sun tsotse, kwatangwalo ya mutu. Yau da sanduna biyu yake zuwa masallaci, bai kai arba'in ba. Wannan kuke so ku kai mini Hawa ciki?

Rabi nas: Ina wuni Kawu. Allah Ya ba shi lafiya. Don Allah a ina ake yi masa allurar, kuma a wane wuri a jikinsa?

Kawu Alhassan: A wani kemis, can ƙuryar shago bayan labule. A ɗuwawu mana, ina kuma ake allura?

Rabi nas: To Kawu, a nan gizo ke saƙar. Abin da aka yi wa yaronka daban, abin da likita ya faɗa wa Yaya Sani daban. Ta ɗuwawu tsoka take shiga, jini ya kwashe ta ya zaga da ita ko'ina. In ana maimaita ta wata da watanni, ko mutum yana haɗiyar ƙwayar deksa, 'yar'uwar kotizon, kullum, shi ne za ka ga fuska ta kumbura, suga ya hau, jini ya hau, ƙashi ya yi rauni. Mafi muni, jini ya daina isa kan ƙashin cinya, wannan dunƙulen da ke juyawa cikin kwatangwalo, sai ya mutu ya burma. Alamun da ka lissafa ke nan ɗaya bayan ɗaya. Ita kuwa ta Mma sau ɗaya ce, a cikin gaɓar. Gaɓar kwatangwalo tana da zurfi, ba a lalubenta da hannu, sai ana kallon bakin allurar a na'urar sikanin ko ta hoton ƙashi har ta isa inda ake so. Yawanci ana haɗa ta da maganin kashe zafi irin wanda likitan haƙori ke sa wa dasashi.

Kawu Alhassan: Rabi, maganin ɗaya ne ko ba ɗaya ba ne?

Rabi nas: Dangi ɗaya ne, Kawu.

Kawu Alhassan: To ɓarawo ko ta ƙofa ya shigo ko ta katanga, sunansa ɓarawo.

Awal: Ni fa ban gane ba. Ba sitiroid ɗin nan ne 'yan ɗaga ƙarfe suke sha ƙirji ya buɗe ba? Kada a wayi gari Mma ta fi ƙarfin gidan nan.

Rabi nas: Awal ka bar wasa. Na 'yan ɗaga ƙarfe daga sinadarin maza aka kwaikwayo shi, don gina tsoka. Wannan daga wanda jiki ke kwantar da kumburi da shi ne. Suna kawai suka haɗa.

Basit: Anti Rabi, da girmamawa, kada mu yi wa Kawu taron dangi, domin maganarsa ba ta faɗi ƙasa banza ba. An karantar da mu wannan a makaranta. A 2017 an fitar da wani bincike daga Boston ta Amurka: mutum 140 masu ciwon gwiwa, rabi ana yi musu allurar kotizon a gwiwa duk bayan wata 3, rabi ruwan gishiri kawai, har shekara 2. Da aka auna, guringuntsin masu kotizon ya fi zaizayewa, kuma ciwonsu bai fi na masu ruwan gishiri sauƙi ba. A 2019 wasu likitocin hoto, su ma a Boston, suka bi sawun mutum 459 da aka yi wa allura a gwiwa ko kwatangwalo, suka ga kashi 8 cikin 100 sun samu matsala a gaɓar, galibi lalacewar da ta ƙara sauri, kuma abin ya fi yawa a kwatangwalo. To in dattijo ya ce tana cin ƙashi, ba tatsuniya yake yi ba.

Kawu Alhassan: Allah Ya yi maka albarka Basiru. Kuɗin makarantarka bai tafi a banza ba.

Rabi nas: Na san su duka biyun Basit, amma ka karanto mana su har ƙarshe. Na farkon allura 8 ne a gwiwa ɗaya, bisa jadawali, ko da ciwo ko babu. Wane likita ne ya ce zai yi wa Mma haka? Abin da aka saba, ba a wuce 3 ko 4 a gaɓa ɗaya cikin shekara, kuma in ta farko ba ta yi aiki ba ba a nacewa. Na biyun kuma ba a kwatanta su da waɗanda ba a yi wa allura ba. Mutumin da ya kai ga neman allura ai dama gaɓarsa ta yi nisa, wa ya san nawa ne laifin allura, nawa ne na ciwon da ke tafiyarsa? Kuma ka tsallake na Ingila da ya fito a 2022, wanda a kan kwatangwalo aka yi shi kai tsaye: mutum 199, waɗanda aka yi wa allura ɗaya da sikanin sun fi samun sauƙin ciwo da tafiya a kan waɗanda aka ba shawara da motsa jiki kawai. Sauƙin ya fi ƙarfi a makonnin farko zuwa wata 2, daga nan ya riƙa ja da baya.

Basit: Kin ga ke ma kin faɗa, ja da baya take yi. Ba warkarwa take ba.

Rabi nas: Wa ya ce tana warkarwa? Guringuntsin da ya tafi ya tafi. Aron lokaci ne. Tambayar ita ce me za a yi da lokacin. In Mma ta samu wata biyu tana barci, tana zuwa gashi, tsokar cinya ta yi ƙarfi, ta rage ko kilo kaɗan ne, an ci riba. In kuwa allura za a yi ta koma bakin murhu tana ɗaga tukunyar waake da kanta, gara ma a bari.

Hajiya Lami: Ku bari wadda aka soka ta yi magana. Shekarar da zan tafi Makka gwiwar hagu ta kumbura kamar ƙwarya, har na fara tunanin keken turawa. Aka zuƙe ruwan, aka sa mini allurar nan. Daren farko na yi da-na-sani, zafin ya fi na da, ina ta kiran sunan Allah da ƙanƙara a tsumma. Kwana biyu ya lafa. Wallahi da ƙafata na yi ɗawafi, da ƙafata na yi Safa da Marwa. Bayan na dawo da kamar wata uku ciwon ya sake sallama. Ban koma an ƙara ba, sanda na saya. Amma Alhaji, ƙashina yana nan, ba abin da ya cinye shi. Abu ɗaya, Sani: ni mai suga ce, kuma sai da sugana ya yi sama kusan mako guda. Likita ya riga ya gaya mini, ina aunawa safe da yamma. Hawa tana da suga?

Sani: Ba ta da shi Hajiya, hawan jini ne kawai.

Kawu Alhassan: Hajiya, gwiwa ai a fili take. Kwatangwalo a rami yake. Kada a haɗa.

Rabi nas: Wannan kam gaskiyarka ce Kawu. Shi ya sa ba a yinta a kowane ɗaki, kuma in bayan an yi mutum ya ga zazzaɓi, ko zafi na ƙaruwa bayan kwana biyu maimakon raguwa, asibiti za a koma a ranar, don ƙwayar cuta a cikin gaɓa ba a kwana da ita. Ba kasafai take faruwa ba, amma tana faruwa.

Zulai: Ni roƙona kada wani ya karanta wannan ya ce kowane ciwon kwatangwalo allura ce maganinsa. 'Yata mai sikila tun tana shekara 16 take ɗingishi, ciwon a matsematsi, muna cewa sanyi ne. Ashe kan ƙashin ne jini ya yanke masa. A asibitin masu sikila an ja mana kunne sosai cewa duk wani maganin kotizon kada a ba ta sai da saninsu, domin yana iya tayar mata da ciwon gaba ɗaya. A garin nan da ake gwada jarirai tun 1995, kusan 2 cikin 100 da sikila ake haifarsu, amma har yau sai ka ga saurayi yana jan ƙafa an kai shi wurin mai ɗori ana murza masa.

Rabi nas: Na gode Zulai. Wani ma ciwon daga baya yake saukowa, jijiya ce ta matse, kwatangwalon lafiyarsa lau. Wani a gefen cinya yake, inda mutum ke kwanciya a kai, allurarsa ma ba cikin gaɓa ake yi ba. Mma dai an ga nata a hoto.

Malam Hudu: Ni ba likita ba ne, amma Sani ya ambaci salla. In abin da ke damun Hajiya Hawa shi ne tana ganin sallarta a kujera ta ragu, a kwantar mata da hankali. Hadisin Imrana ɗan Husaini yana cikin Buhari: ka yi salla a tsaye, in ba ka iya ba a zaune, in ba ka iya ba a kan gefenka. Ta yi allura ko ta bari don lafiyarta, ba don tsoron sallarta ba ta karɓu ba.

Basit: Ni abin da ban so shi ne a yi ta lallaɓa abu da allura alhali ƙarshensa aiki ne. In gaɓar ta ƙare, a faɗa mana, dangi su fara haɗa kuɗin sa ta roba da ƙarfe.

Rabi nas: Sai ku tambayi likitan wannan tun kafin a yi, domin in aiki ya kusa ba a son allura. Ana barin aƙalla wata 3 tsakaninsu saboda gudun ƙwayar cuta a sabuwar gaɓa. Ku tambaya kuma ko katin inshora ya ɗauki allurar da sikanin ɗin, kada ku je da hannu biyu. Yaya Sani, yanzu me take sha?

Sani: Diklofenak, maganin kashe zafi, safe da dare, ya kai wata huɗu. Sai wani tsimi a kwalbar ruwa, ba takarda a jiki, ruwan ƙasa-ƙasa, murfi biyu take sha bayan la'asar. Gaskiya shi ne ma ke sa ta tashi. Har cin abincinta ya ƙaru, kumatu sun fito, ɗankunnenta har ya fara shigewa. Maƙwabta na cewa ta yi kyau.

Rabi nas: Innalillahi. Yaya, wata huɗu ana ba mai hawan jini, 'yar shekara 68, diklofenak kullum? Ƙoda da gyambon ciki fa? Kuma tsimin nan, ba na rantsuwa a kan abin da ban auna ba, amma sassaƙen da ke kashe ciwon gaɓa cikin kwana ɗaya, ya buɗe ciki, ya cika kumatu, ni zargin deksa nake yi masa. An sha kama masu narka ƙwayar a cikin maganin gargajiya. Wa ya kawo mata?

Sani: Anti, a bar wannan tambayar.

Kawu Alhassan: Ba sai an bari ba. Ni na kawo. Wani bawan Allah ne a bakin tasha, ya ce mini saiwa ce zalla, ni ma ina sha in bayana ya riƙe.

Awal: Kawu, ashe ɓarawon ta katanga ya shigo.

Hajiya Lami: Awal, kama bakinka, ba sa'anka ba ne.

Kawu Alhassan: Bar shi Hajiya. Rabi, ba ki auna ba, kin faɗa da bakinki. Amma zan sa a zubar da shi yau.

Rabi nas: A'a Kawu, kada a zubar, kada kuma a yanke mata shi rana ɗaya. In da deksa a ciki kuma ta yi watanni tana sha, jikinta ya rage yin nasa, tsayarwa farat ɗaya na iya kayar da ita, jiri, amai, jini ya faɗi. Likita ne zai tsara yadda za a janye. A kai masa kwalbar yadda take, da kwalin diklofenak ɗin, a auna suga da ƙoda. Kai ma Kawu a auna ka. Maganar allura ma ta dakata sai an san abin da ke jikinta.

Kawu Alhassan: To ai kin dawo kan maganata, ba allura.

Rabi nas: Ban ce haka ba Kawu, na ce a dakata.

Kawu Alhassan: Ni dai na ji dakata. Sani, yaushe aka ce ku koma?

Sani: Litinin Kawu, da sassafe, don layin kati.

Kawu Alhassan: Ka biyo ta gidana bayan asuba. Ni zan riƙe kwalbar, kuma ni zan tambayi likitan da bakina, sau nawa ya yi allurar nan, su waye ya yi wa, yau suna ina. Basiru, ka rubuto mini lissafin nan na mutum 459 a takarda da manyan baƙaƙe, tabarauna ya fashe.