Neman shawara (tsohuwar tattaunawa daga zamanin hawa intanet ta layin tarho): kwamfutata tana hawa intanet a ofis, a gida kuma ta ƙi

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina aiki a wani ofishi da ke titin Ahmadu Bello a nan Jos, kuma kwamfutar tafi-da-gidanka da nake aiki da ita mai Windows XP ce. A ofis da zarar an jona mata kebul sai ta hau intanet lafiya lau. Jami'in kwamfuta na ofishinmu ne ya saita mini hawa ta layin tarho, ya kuma gwada a gabana ta yi, amma a gida sai modem, wato na'urar da ke haɗa kwamfuta da layin tarho, ya kira lambar kamfanin intanet, ya yi shiru, sannan ta nuna kuskure mai lamba 678. Don Allah ku taimaka mini da shawara.

Amsa daga wani mai gyaran kwamfuta a Bukuru:
Wa alaikumus salam Malam. Tunda a ofis aka yi saitin, ina kyautata zaton an sa mata 9 a gaban lambar, domin yawancin ofisoshi sai an danna 9 kafin a samu layin waje, alhali tarhon gida ba ya buƙatar haka. Ka shiga Phone and Modem Options, ka buɗe sabon wuri da sunan gida, ka bar gurbin lambar samun layin waje babu komai, kada kuma ta riƙa ƙara 073, wato lambar yankin Jos, idan lambar ta cikin Jos ce. Da 680 ta nuna da sai in ce layin ne babu sauti, 691 kuma suna ne ko kalmar sirri.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri, 9 ɗin ce kuwa. Yanzu tana haɗuwa, har ƙananan kwamfutoci biyun nan na kusa da agogo suna ƙyaftawa, sai dai Firefox ba ya buɗe ko da shafi ɗaya.

Amsa daga wata ma'aikaciya a Rayfield:
Yallaɓai, wannan aikin firoksi ne, wato uwar garken da ofis ke bi da kowa ta cikinta kafin ya fita intanet. Firefox saiti ɗaya yake riƙewa duk inda kake, saboda haka yana can yana neman na'urar da ke ofishinku, wadda ba za a same ta daga gida ba. Ka gwada Internet Explorer tukuna, domin shi saitin ofis da ke LAN settings ba ya shafar layin tarho. Idan ya buɗe, to magana ta fito fili. Sai ka shiga Options, Advanced, Network a Firefox, ka zaɓi No proxy. Amma kafin ka taɓa komai ka rubuta adireshin da lambar da ke gefensa a takarda, domin da safe za ka mayar da su.

Mai gyaran kwamfuta ya ƙara da cewa:
Na yarda da bayanin Hajiya. Abin da zan roƙe ka shi ne kada ka taɓa lambobin IP na katin kebul, wato adireshin kwamfutar a kan hanyar sadarwa, na ofis ne, kuma sauya su zai hana ka aiki gobe. Kada kuma ka damu idan gudun bai kai kilobit 56 a daƙiƙa ba, da wuya ya kai, musamman da damina idan ruwa ya shiga waya layin ya riƙa shuu.